Sabbin mawaƙan pop, indi da kiɗan lantarki: wa kuke saurara, kuma me ya kama ku a waƙarsa?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar kiɗa. Ina neman shawararku game da mawaƙa masu tasowa a fannin pop da indi (kiɗan da aka fi sani da mawaƙan da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni) da kiɗan lantarki, wato waɗanda sunansu bai gama zagaye duniya ba tukuna, amma aikinsu ya riga ya nuna cewa akwai abu a hannunsu. Dalilin tambayar shi ne manhajojin sauraron waƙa sun koma suna juya mini sunayen da kowa ya sani. Idan na saurari amapiano guda ɗaya da safe, sai su cika mini jeri da amapiano har mako ya zagayo, alhali ni abin da nake nema shi ne muryar da ban taɓa ji ba.

Domin ku gane irin abin da nake so, zan ba da misali da PinkPantheress. Lokacin da gutsattsarin waƙoƙinta suka fara yawo a TikTok a farkon 2021, ɗaliba ce a Landan, ba ta cika nuna fuskarta ba, kuma da manhajar haɗa kiɗa ta GarageBand take haɗa yawancin abin da take saki. Tarin waƙoƙinta na farko, wanda ya fito a watan Oktoba na wannan shekarar, waƙoƙi 10 ne, kuma dukansu a haɗe ba su kai minti 20 ba. Abin da ya kama ni shi ne yadda take ɗauko tsohon kiɗan rawa na Ingila, na shekarun 1990 da farkon 2000, mai gudun tsiya, ta ɗora masa murya mai sanyi wadda ba ta ɗagawa ko kaɗan, sannan ta rufe waƙar tun mai sauraro bai ƙoshi ba. Babu baiti na uku, babu maimaita amshi har ya gunduri mutum. To, daga baya BBC ta zaɓe ta gwarzuwar masu tasowa ta 2022, kuma a 2023 waƙar da ta yi da Ice Spice ta kai mataki na 3 a jadawalin Billboard na Amurka, don haka yanzu ta fita daga sahun da nake tambaya a kai.

Roƙona shi ne kada a jero mini sunaye kawai. Duk wanda zai ambaci mawaƙi, ya taimaka ya faɗi abin da ya kamata in kasa kunne in ji a cikin aikinsa, da kuma inda ya same shi. Ba ni da zaɓi game da ƙasa ko harshe.

Mai Kibod ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Tun da wannan yarinyar ce ta buɗe maka ƙofa, wadda ya kamata ka nema bayanta ita ce Nia Archives. An haife ta a Bradford a 1999, danginta suna da tushe a Jamaika, kuma tana da shekara 16 ta koma Manchesta ita kaɗai. Ita take rubuta waƙarta, ita take rerawa, ita take haɗa kiɗan, sannan ita take tsayawa a bayan na'ura a wurin rawa. Salon da take yi shi ne jungle, wanda ya taso a Landan a farkon shekarun 1990 a hannun matasa baƙar fata waɗanda suka gaji al'adar manyan lasifikoki daga iyayensu 'yan Jamaika. A 2022 ta karɓi lambar MOBO, wadda ake bayarwa a Birtaniya kan kiɗan da ya samo asali daga baƙar fata, a rukunin kiɗan rawa da lantarki, a shekarar da aka ƙirƙiri wannan rukunin, kuma kundinta na farko da ya fito a 2024 ya shiga jerin waɗanda aka tantance domin lambar Mercury, wadda ake ba kundin da ya fi fice a shekara a Birtaniya da Ireland. Na san za ka ce ita ma ta fara nisa, amma a wajenmu har yanzu mutum ɗaya cikin da yawa ne ya san ta.

Ga abin da za ka saurara. Gangunan jungle suna gudu ne a kan bugu 160 zuwa 170 a minti ɗaya, amma kiɗan ƙasa mai kauri, wanda muke kira bes, yana tafiya ne a rabin wannan saurin. Ke nan waƙa ɗaya tana da tafiya biyu, ta sama mai gaggawa da ta ƙasa mai jan ƙafa, kuma mai rawa yana da zaɓin wadda zai bi. Nia Archives tana ɗora muryarta a kan ta ƙasan, tana maganar kaɗaici da ɓaraka tsakanin dangi da ciwon zuciya, yayin da gangunan suke ta murna a samanta. Wannan saɓanin ne daɗin aikinta. Idan ka saurare ta da lasifikar waya, rabin waƙar ya tafi, domin ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da sautin ƙasa. Hayaniyar ganguna kawai za ka ji, ka ce na yaudare ka. Ka sa iyafis mai kyau, ko ka haɗa da lasifika mai nauyi.

Su waɗannan gangunan ma suna da tarihinsu. Yawancin jungle an gina shi ne a kan wani ɗan guntun kiɗan ganga da bai wuce daƙiƙa 7 ba, wanda Gregory Coleman ya buga a wani faifan ƙungiyar The Winstons ta Amurka a 1969. Mai haɗa kiɗa yakan zuba guntun a manhaja, ya ga sautin a zane a kan allo, ya bi shi yana yankawa a daidai kowane bugu, sannan ya sake jera yankakkun yadda ransa yake so, ya ƙara musu sauri. Aikin tela ne da ya warware tsohuwar babbar riga ya fitar da sabon ɗinki daga cikinta: yadin ɗaya ne, amma kowa da yankansa, kuma daga yankan ake gane gwani. Shi Coleman ya rasu a 2006 cikin talauci, bai ci moriyar dubban waƙoƙin da aka gina a kan hannunsa ba.

Na biyu, idan kana da ƙarfin hali, ka nemi DJ Travella na Tanzaniya. Kiɗansa singeli ne, wanda ya fito daga unguwannin talakawa na Dar es Salaam irin su Tandale da Manzese, inda ake bugawa a bukukuwa da tarukan kan titi, kuma saurinsa yakan haura bugu 200 a minti, wani lokaci ya doshi 300. Kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala ne ya fitar da kundinsa a 2022, lokacin yana ɗan shekara 19. Ina gargaɗinka, a jin farko za ka zaci wayarka ce ta rikice. Ka daure ka ba shi minti uku, kunnenka zai daina bin kowane bugu, ya koma bin ƙananan muryoyin na'ura da suke kai da kawowa a sama, a nan ne za ka ji yaron ya san abin da yake yi.

Ni ra'ayina a fili yake: na fi son waƙar da ake jin hannun mutum ɗaya a cikinta, mai ƙarancin kayan aiki, wanda rashin ya tilasta masa yanke shawara. Ina aiki a wani ƙaramin sitidiyo, kuma wani yaro ya taɓa kawo mana waƙar da ya rera a waya cikin dare, a hankali don kada ya tashi mutanen gida, har ana jiyo gurnanin janareton maƙwabta a bayansa. Da muka tsayar da shi gaban makirfo mai tsada, sai ya gyara tsayuwa, ya buɗe murya, ya rera daidai ba kuskure, amma abin da ya sa muka so waƙar tun farko ya ɓace. A ƙarshe muryar wayar muka ɗauka, muka rage ƙarar janareton iya yadda za a iya, muka gina kiɗan a kewayenta.

Uwar Husna ta amsa:

Sallama gare ku baki ɗaya. Malam Mai Kibod ya yi bayani mai gamsarwa game da jungle, amma ban yarda da ƙarshen maganarsa ba, kuma ina ganin wannan labarin na yaro shi kaɗai a ɗaki da tsohuwar kwamfuta ya zama abin tallar da manyan kamfanoni da kansu suke sayar mana. A duba Billie Eilish, wadda kullum da ita ake kafa hujja. Gaskiya ne ta ɗora waƙarta ta farko a SoundCloud a 2015 tana 'yar shekara 13, kuma gaskiya ne kundin da ya sa ta kwashe manyan lambobin Grammy huɗu a 2020 a ɗakin kwanan yayanta Finneas aka naɗe shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙwararrun injiniyoyi ne suka daidaita sautin bayan ya bar ɗakin, kuma babban kamfanin waƙa Interscope ne ya kai shi kunnen duniya. Rashin kayan aiki ba ya rubuta amshi mai kyau. Na ji waƙoƙin ɗaki da yawa waɗanda babu komai a cikinsu sai ƙarar fanka.

Shi ya sa ni rubutu nake fara dubawa, kuma waɗanda zan ba Malam Ɗan Tudun Wada su ne English Teacher, matasa huɗu da suka haɗu a makarantar koyon kiɗa ta Leeds. Kundinsu na farko ya ci lambar Mercury a 2024, kuma su ne na farko daga wajen Landan da suka ci ta tun 2014. Mawaƙiyarsu, Lily Fontaine, ta taso ne a wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, kuma yawancin rubutunta a kan irin waɗannan garuruwan ne da mutanensu. Tana da waƙa a kan masu kallon launin fatarta su yanke mata irin salon da ya dace ta yi, tun ba ta buɗe baki ba. Abin saurare a wurinsu shi ne yadda take farawa da magana tsagwaronta, a natse, sai maganar ta rikiɗe ta zama rerawa ba tare da mutum ya lura da inda aka sauya ba, su kuma masu jita da ganga sukan canza ƙafar kiɗan a tsakiyar waƙa, su bar piyano shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan su dawo gaba ɗaya. Wannan aikin mutum huɗu ne da suka daɗe suna gwaji tare, kuma babu yadda mutum ɗaya zai yi shi a kan gado. A lura kuma, ana lissafa su cikin 'yan indi, amma kamfanin Island ne ya fitar da kundin, shi kuwa reshe ne na Universal, kamfanin waƙa mafi girma a duniya.

Batun wane ne mai tasowa ma yana da sarƙaƙiya. Chappell Roan ta karɓi Grammy ta sabuwar mawaƙiya a 2025, alhali kamfanin Atlantic ya ɗauke ta tun tana yarinya, ya sallame ta a 2020, ta koma tana ƙananan ayyuka don ta ci abinci kafin kundinta na 2023 ya kama. Shekara kusan goma ke nan tana abu ɗaya kafin a kira ta sabuwa. Da ta hau karɓar lambar, abin da ta nema shi ne kamfanoni su riƙa ba ƙananan mawaƙansu albashin da zai riƙe su da kuma inshorar lafiya, kuma ina ganin wanda ya sha wuyar rashin kuɗi ya fi mu sanin ko rashin yana gyara waƙa.

A nahiyarmu kuwa, ina son aikin Lady Donli, wadda ta taso a Abuja, tana cikin matasan da suka kauce wa babbar hanyar afrobeats suka yi abin da ake kira alté. Kundinta na 2019 ya buɗe ne da waƙa mai sunan Hausa, kuma ta yi aiki a cikinsa da The Cavemen, 'yan'uwa biyu masu raya highlife, shi ya sa za ka ji ganga da bes na hannu, masu numfashi, ba na na'ura kaɗai ba. Sai Amaarae 'yar Ghana, wadda ta tashi tsakanin Accra da Amurka, mai siririyar murya da take ajiyewa can sama, ta bar wa kiɗan ƙasa fili. Kundinta na 2023 ya haɗa pop da kiɗan rawa da goge irin na manyan makaɗa, har da wurin da jitar rock take ɓarkewa ba zato. Sai dai in faɗa a matsayina na uwa, kalmominta da na Chappell Roan ba na sawa a mota ba ne idan yara suna ciki.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Gaisuwa gare ku daga Nijar. Na karanta muhawarar Malam Mai Kibod da Hajiya Uwar Husna, kuma ina ganin abin da ya faru a ƙasarmu zai ba kowannensu hujja, ya kuma karɓe masa wata.

Kiɗan lantarki ba baƙo ba ne a nan. Mamman Sani ya sayi ogan, wato wani irin kibod na lantarki, ƙirar Italiya mai suna Orla a shekarun 1970, ya naɗi kaset a 1978, kuma shekaru da yawa gidan rediyo da talabijin na ƙasa suna sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye. Mutane da dama sun tashi da sautin a kunnensu ba tare da sun san sunan mai shi ba, sai a 2013 da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kaset ɗin a faifai, Turawa suka fara rubutu a kansa. Amma wanda nake so Malam mai tambaya ya nema shi ne Hama, mutumin Yamai, wanda aikin direba yake yi lokacin da kiɗansa ya fara yawo a memorin wayoyi. Da ƙaramin kibod ƙirar Yamaha ya fara. Yakan ɗauki karin waƙoƙin Sahara, na Buzaye da na makiyaya, waɗanda aka saba ji a jita ko a baki, ya mayar da su kan na'ura ba tare da murya ba. Sahel Sounds ya fitar masa da kundi a 2015 da wani a 2019, kuma na biyun, Houmeissa, shi nake ba da shawara a fara da shi.

Abin da za a saurara a wurinsa shi ne tafiyar kiɗan. Yawancin kiɗan lantarki na Turai a kan bugu huɗu yake tsaye, daram, ɗaya bayan ɗaya. Na Hama yana rangaji ne a kan uku, irin tafiyar da duk wanda ya halarci bikin Buzaye ya sani, ga kuma karin da yake zagayawa yana dawowa wuri ɗaya, kowane zagaye da ɗan abin da ya ƙaru a kansa. Sautukan da yake amfani da su na cikin na'urar ne, waɗanda ƙwararru suke rainawa, suna cewa na yara ne, shi kuwa bai ɓoye su ba, bai yi musu kwalliya ba. A nan Malam Mai Kibod ya yi gaskiya, domin da an ba Hama sitidiyo cike da kaya tun farko, ina shakkar zai tsaya a kan wannan sautin har ya zama nasa.

Amma ga inda Hajiya take da gaskiya. Mdou Moctar, wanda yau yake zagaya Amurka da Turai a ƙarƙashin kamfanin Matador, kundinsa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da gangar na'ura da manhajar gyaran murya ta Auto-Tune a kan muryarsa, irin yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa a lokacin. Ba a fitar da shi a kasuwa ba. Daga waya zuwa waya ya bi ta Bluetooth har ya ƙetare iyakoki. To, a wannan hanyar sunan mawaƙi yakan faɗi a tafiya, domin kowa yana sake wa waƙar suna yadda ya ga dama, kuma ko sisi ba ya komawa ga mai ita. Sai da Christopher Kirkley, mai Sahel Sounds, ya tattara irin waɗannan waƙoƙin daga wayoyin mutane a arewacin Mali, ya bi sawun masu su ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da su a faifai a 2011, sannan Mdou ya samu hanyar fita. Gwanintar tana nan tun a Sakkwato, amma ba ta ciyar da shi ba sai da wani mai hanyar kasuwa ya shigo.

Haka Etran de L'Aïr na Agadas. A waje ana lissafa su cikin sababbi saboda kundinsu na 2022 da na 2024, alhali 'yan gida ɗaya ne da suke kiɗan biki a garinsu tun tsakiyar shekarun 1990. Jita uku ne suke saƙa a junansu a kan ganga mai sauri, kuma kiɗansu ya fi na sauran 'yan Sahara fara'a, saboda don rawar biki aka yi shi. Su ne suka buɗe wani tsari da Sahel Sounds ya yi a 2020, inda kowane wata wata ƙungiya take naɗar 'yan waƙoƙi da wayar hannu, ta aika ta WhatsApp, a ɗora a shafin sayar da waƙa na Bandcamp na tsawon wata ɗaya, kuɗin da aka samu kuma ya tafi ga mawaƙan gaba ɗaya.

Ɗan Tudun Wada ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fara da Hama, kuma maganar tafiya a kan uku ta taimaka mini, domin da ba a faɗa ba da zan ji daɗin abin ne kawai ba tare da na san daga ina daɗin yake zuwa ba. DJ Travella kuwa har yanzu muna kokawa da shi. Saura ɓangare na biyu na tambayata, wanda Malam Ɗan Damagaram ne kaɗai ya taɓo shi: ta wace hanya kuke samun waɗannan mutanen tun kafin su ci lambar yabo? Na lura yawancin waɗanda aka ambata sun riga sun ci wani abu ko an tantance su. Sannan idan mutum yana son ɗan abin da zai kashe ya isa hannun mawaƙin, ina ya fi dacewa ya kashe shi?

Mai Kibod ya sake amsawa:

Kafin in amsa, ina so in ce wa Hajiya Uwar Husna ban musa cewa injiniya da kamfani suna da aikinsu ba, tun da ni ma a nan nake cin abinci. Abin da nake nufi shi ne shawarar da ta sa waƙar Billie Eilish ta bambanta, wato ta yi raɗa a bakin makirfo maimakon ta buɗe murya, a ɗakin aka yanke ta, kuma da a ofis aka zauna da mutum goma da wuya ta tsira. Steve Lacy ma a wayar iPhone ya haɗa kiɗan da Kendrick Lamar ya hau a kundinsa na 2017. Amma na yarda English Teacher ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma zan saurare su da kyau.

Game da nema, Malam, ka daina jiran manhaja ta zaɓa maka, domin ita abin da ya yi kama da na jiya take kawowa. Ka bi ƙananan kamfanoni, saboda kowannensu kunnen mutum ɗaya ne ko biyu, kuma idan kunnenku ya zo ɗaya, duk abin da suka fitar ya cancanci gwaji. Nyege Nyege Tapes da Sahel Sounds sun ishe ka farawa. Sannan ka riƙa buɗe bayanan waƙa kana duba wanda ya haɗa kiɗan da wanda ya yi amshi, ka bi sunayensu, domin mai tasowa yakan fara bayyana ne a gefen waƙar wani. Gidan rediyon intanet na NTS, wanda Femi Adeyemi ya kafa a gabashin Landan a 2011, yana da ɗaruruwan masu gabatarwa daga ƙasashe daban-daban, kuma yawancin shirye-shiryensa suna ɗauke da jerin waƙoƙin da aka sa, don haka idan wani abu ya kama ka ba sai ka yi ta cigiya ba. Akwai kuma COLORS na Berlin a YouTube, wanda ya fara a 2016: ɗaki mai launi ɗaya, makirfo ɗaya a rataye, mawaƙi shi kaɗai. A nan ake gane wanda yake da murya da wanda na'ura take rufa wa asiri. Na gida kuwa, Audiomack ya fi, saboda yaro yana iya ɗora waƙarsa kyauta ba sai ya bi ta hannun dillali ba.

Batun kuɗi, Spotify ya shigo Najeriya a 2021, kuma daga 2024 ya kafa ƙa'idar cewa waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin wata 12 ba ta samun kaso ko kaɗan. Ke nan ainihin mutanen da kake tambaya a kansu su ne ƙa'idar ta fi shafa. A Bandcamp saye ake yi kai tsaye, shafin yana cire kashi 15 cikin 100 na waƙar da aka sauke, sai ɗan kuɗin hada-hada, saura ya tafi ga mawaƙi ko ƙaramin kamfaninsa, kuma tun watan Maris na 2020 suke ware wasu ranakun Juma'a da suke yafe nasu kason. Matsalarmu a nan ita ce biyan da kuɗin waje ne, kuma ba kowane katin naira yake wucewa ba, don haka ka gwada da ƙaramin abu tukuna. Shirye-shiryen NTS kuma awa ɗaya ne zuwa biyu, suna cin data, gara ka bari sai kana kan wayfai ko ka yi amfani da datar dare.

Ni ma ina da roƙo ga Malam Ɗan Damagaram. Idan akwai matasa a Damagaram ko Maraɗi ko Yamai da suke haɗa kiɗan na'ura zalla, ba na fim ba kuma ba na biki ba, a taimaka a faɗa mana inda suke ɗora aikinsu, domin a Kaduna da Kano yawancin masu haɗa kiɗa da manhajar FL Studio da na sani waƙar soyayya ta namiji da mace ake kawo musu, ita suke yi tun safe har dare.